Ranar da Na Soya Man Kamyo

Kun ishe ni. Tun da na dawo daga Kano da Baba, shekara nawa ke nan, ba a yi biki ko suna ba sai wata ta ja ni gefe: "Tsahara, wai da gaske kin soya man mota cikin tukunyar tuwo?" In na fara faɗi, kafin labarin ya kai garin Kornaka an kira wannan ɗanta na kuka, an kira waccan miyarta na ƙuna, gobe kuma a ce in sake daga farko. To, yanzu da Allah ya sa na shiga karatun manya da furfurata har na iya riƙon alƙalami, ga shi na rubuta. Wadda ba ta karatu ta ba jikanta ya karanta mata, ta bar ni in huta.

Lokacin Nasara na nan, kumandan, Baturen mulki, na zaune bariki. Yanar ido ta rufe idanun Baba duka biyu, har sai an riƙe mishi buta. Anka ce a Kano akwai likitan da ke cire ta. Yayyena maza uku, kowa da uzurinshi: wannan shanu, wannan rumbu, na ukun wai ƙafa. Ni mai ƙuli-ƙuli, da a ganinsu ba ni da aikin yi, na ce su riƙe uzurinsu da kyau kada ya faɗi, ni zan kai shi.

Kamyo, babbar motar kaya, guda ne a garinmu Dakoro a watan nan, na wani attajirin Maraɗi. Ya kawo kaya, ƙarfen ƙafarshi ya karye, ya zauna bayan gidanmu kusan wata guda ana jiran a aiko da wani. Soferen, wato mai tuƙa shi, sunanshi Lawali, Bakatsine, ni kuwa Bagobira, kun san abin da ke tsakaninmu: in bai zage ni da safe ba na san ba shi da lafiya. Ban taɓa ganin mutum mai son ƙarfe irin Lawali ba. Ɗari ne na gaske a shekarar, ruwan randa na cizon yatsa. Sai ya lulluɓe hancin kamyo da bargonshi, shi ya kwana da zane. Kullum bayan sallar safe ya murɗa ƙarfen nan na gaba, inji ya yi tari ya tashi, kafin ka ce mi ya kashe.

"Bakatsine," na ce mishi wata rana, "mi ke nan? Kullum ka tashe shi ka kwantar kamar jinjiri."

"Kada sanyi ya kama shi, Bagobira. Ba kuma ni da sansi, man mota, da zan ƙona a banza. Ke mi kika sani ban da gyaɗa?"

Da ƙarfen ya iso anka gyara, ranar tafiya anka ce da hantsi. Sai bayan la'asar munka tashi, don sai da anka loda fatu da buhunan ƙaro, sannan mu bisa kaya. Na ɗauki tukunyar ƙarfena, da tsaba, da ƙuli cike da jaka, don ban san mi Kanawa ke ci ba.

Ana cikin hawa wata tsohuwar Bafillata ta iso daga wajen Azagor, ƙafa duk faso, da ƙwaryar nono a kai. Sunanta Dudu. Ɗanta Juli ya bi shanu ƙasar Ingilishi, sa ya soke shi a cinya, an aiko mata yana kwance Katsina, in tana son ganinshi ta yi sauri. Ba ta taɓa shiga mota ba. Ta tsaya gaban kamyo ta dube shi kamar yadda ake duban baƙon sa, ta buɗe ƙwarya, ta tsoma yatsu, ta yayyafa mishi nono bisa hanci tana addu'a da Fillanci. Haka suke yi, nono wajensu albarka ne. Kowa ya yi dariya. Lawali ma ya yi dariya, ya goge da hannun riga. Ku riƙe wannan, don nan gaba kowa zai ce shi bai yi dariya ba.

Ba mu yi nisa ba. Muna shiga Ajekoriya Lawali ya tsaya, ya sauko fuska a ɗaure. Wai wata allura da ke gabanshi, mai nuna ko mai na yawo cikin inji, tana faɗuwa tana tashi. Ya ce nan za mu kwana, da safe ya duba. Maigari ya sauke maza a zaure, mu mata cikin gida. Anka kawo tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawa da yawa. Dudu ba ta ci ba. Ta zauna tana fuskantar kudu, ta tambaye ni sau uku ko Katsina na bayan waccan tudun. Na ce mata tana bayan tuddai da yawa. Ta ce, "To mi ya sa munka tsaya?"

Da gari ya waye, ina ɗumama ma Baba sauran tuwo, sai na ji kururuwa. Na fita na iske Lawali bisa hancin kamyo, riƙe da marfin wurin zuba baƙin mai, yana nuna ma jama'a. Cikin marfin wani abu ne fari-fari, mai kauri, kamar kindirmon da ya kwana uku. Ya sa yatsa cikin ramin ya fito da shi cike.

"Ku gani! Ku gani da idonku! Nono ne! Ina tsohuwar nan?"

Nan take kowa ya tuna da jiya. Wani mai fatu ya rantse ya ga ta buɗe hancin motar. Tsohuwar da ba ta san inda ƙofa take ba! Wata mata ta ce dama ita tun farko jikinta bai ba ta ba. Anka jawo Dudu, ƙwaryarta ta tuntsure, rabin nonon ya bi ƙasa. Ba ta ko gane abin da ake faɗi sosai, tana ta cewa, "Albarka na yi, albarka na yi."

Lawali ya ce a aika Dakoro a kira gardi, ɗan sandan Nasara. Kun san mi ke nan a zamanin nan. Mai kamyo attajiri ne da ke shan hannu da Nasara, ita kuwa Bafillata ce ta daji. In gardi ya tasa ta gaba, kafin a saurare ta an yi wata, Juli kuwa ba shi da wata.

Ni dai na kutsa. Na ce, "Bakatsine, miƙo marfin nan."

"Bagobira, yau ba ranar wasa ba ce."

"Na ga alama. Miƙo."

Na lakato abin, na murza, na sunsuna. Ba tsami, ba ƙarni. Shekara ashirin ina matsar gyaɗa, na san kamannin mai in ruwa ya shige shi: haka yake yin fari ya yi kumfa ya ɗaure. Na ce, "Wannan ba nono ba ne. Ruwa ne da mai."

Maza sunka kwashe da dariya. Mai fatu ya ce yanzu kuma mata sun zama makanisai. Na ce mishi shi da ko fatarshi wari take, ya bari masu hanci su yi magana. Na ce ma maigari, "Ranka ya daɗe, a ba ni gwangwani biyu da garwashi. In na yi ƙarya a haɗa ni da ita a ba gardi."

Baba na zaune bakin zaure ya ce, "Tsahara, ni wa zai kai ni Kano?" Na ce, "Baba, yi haƙuri." Ya ce, "A ba ta. Uwarta ma haka take."

Gwangwani na fari na zuba ɗan baƙin mai mai kyau daga ragowar da Lawali ke ɓoyo ƙarƙashin kujera, na ɗiga nonon Dudu a ciki, na kaɗa. Na biyu na cika da farin abin nan na inji. Na ɗora su duka kan wuta. Na nonon ya tafasa, ya tsinke, ya yi gudaji, ya kama gindin gwangwani da ƙanzo, ƙaurin nono ya cika wurin. Na biyun kuwa ya dinga tartsatsi, tas-tas-tas, yana tofi, mutane na ja da baya. Can ya yi shiru. Da na karkata gwangwanin, baƙin mai ne ya koma, sai ɗan dauɗa a ƙasa.

Na kai ma Baba su biyun ban gaya mishi wanne ne wanne ba. Ya sunsuna na fari ya ce, "Wannan an ƙona nono." Ya sunsuna na biyu ya ce, "Wannan warin mota ne kawai. Kukan da na ji ya yi kuwa kukan ruwa ne cikin mai. Tun tana yarinya nike jin shi a gidana."

Na ɗauka Lawali zai yi murna. Sai na ga ya zauna ƙasa dirshan, ya dafe kai. A nan na gane abin da ke cin shi. In nono ne, laifin wata ne. In ruwa ne, to ko inji ya tsage, ko a ce shi ya yi sakaci, ko ta yaya shi ne za a kora, ga 'ya'ya biyar a Maraɗi. Tsoro ne ya sa ya nemi wuyan da zai rataya ma abin, ya samu wanda ya fi kowane laushi. Ban yafe mishi a lokacin ba, amma na ji tausayinshi.

Ya tashi ya duba ruwan da ke sanyaya inji. Yana nan cike, bai ragu ba. Ya ce, "To daga ina? Wata biyu ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Wa ya zuba ruwan?"

Wallahi ni ma ban sani ba. Sai na tuna tuwon Baba da na bari kan murhu, wuta ta mutu. Na ruga na ɗauko tukunyar. Ina ɗaga marfi, ruwa ya zubo mini bisa ƙafa, cikin marfin duk ya yi zufa. Na tsaya ina kallon shi. Na kai ma Lawali har gaban hanci.

"Wa ya zuba ma wannan ruwa?"

"Ba kowa. Zufa ce."

"To kai kullum mi kake yi ma kamyonka? Ka ɗumama shi, ka kashe, sanyi ya rufe shi."

Baba ya ce, "Ni shaida ne. Yana tashe shi ina fara alwala, kafin in kai ƙafafu ya kashe. Kwana ashirin da wani abu ina ƙirgawa, makaho ba shi da aikin da ya wuce saurare."

Na ce, "Mai in ka ɗora shi, ba ka sauke shi sai ya gama kuka ya yi shiru. In ka sauke da ruwa a ciki, lalacewa yake. Kai kuwa kullum kana ɗorawa kana saukewa, zufa na komawa ciki. Son da kake ma shi ne ya sa mishi ciwo."

Lawali ya daɗe yana kallon marfin tukunya. Sannan ya ce, "Man da ke gare ni bai kai a sake ba."

"To a soya wannan."

Haka anka yi. Anka tura garwashi cikin kasko ƙarƙashin inji har man ya saki, Lawali ya kwanta ya kwance, ya tsiyaye shi cikin daro. Ya ciro wata 'yar rariya da ke can ciki, ta toshe da kunun nan, ya wanke ta da kananzir. Ni kuwa na kwashe tuwo, na ba da tukunyata, ina ji ina gani. Sau uku na cika ta, ina juyawa da itace nesa da harshen wuta, hayaƙi na sa ni hawaye, yaran gari da manyansu sun yi da'ira. Kowane zubi sai ya yi shiru nike saukewa, in tace da kallabina. Dudu ce ta riƙe mini bakin kallabin. Tukunya da kallabi dai daga ranar ba su sake moruwa ba.

Inji ya tashi, allura ta miƙe. Amma Bakatsine ba ya faɗuwa ƙasa gaba ɗaya. Ya ce, "Tsohuwar ta hau. Amma in ya mutu kafin Maraɗi, jandarma zan ba ita." Na ce in ya mutu ni zan ba shi jandarma da hannuna.

Rairayin Kornaka ya ci mu sau huɗu. Kowane karo maza su sauka su tura, mu mata mu karyo rassa mu shimfiɗa gaban ƙafafu. Duk sa'ad da inji ya canza murya sai Dudu ta damƙe hannuna, har sai da ta bar mini shaida. Mai fatu, wanda ya rantse da safe, da yunwa ta kama shi ya dinga kallon jakar ƙulina. Na ba shi, na ce ya ci a hankali kada rantsuwa ta maƙale mishi.

Maraɗi munka kwana biyu a wani gida kusa da tasha, ɗaki guda mu mata tara da kuɗin cizo. Can na fara cin burodin Faransa, dogo kamar sanda, ɓawon ya yanke ma Baba dasashi ya ce a mayar musu da itacensu. Lawali ya zubar da man da na soya ya zuba sabo. Da safen da za mu tashi ya buɗe marfi a ɓoye, yana zaton ban gani ba. Baƙi ƙirin, ba ɗigon fari. Ya rufe, ya yi gaba abinshi. Dudu ma bai dube ta ba. Na ce a raina, za ka yi bayani.

Iyaka tana Ɗan Isa. Wata rumfa ce da sanda a gicciye, da ma'aikatan duwan, wato kwastan, masu gajeren wando cikin wannan ɗari. Anka sauke mu duka, kowa ya fito da lasifase, takardar izinin wucewa. Ni na karɓo tamu a bariki tun a Dakoro. Dudu ba ta ma san akwai irin wannan abu ba. Da ƙafa ta saba ƙetarewa bayan shanu, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Babban nasu ya ce, "Wannan fa? Ba takarda, ba wucewa. Ta wa ce?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na buɗe baki, Baba ya matse mini hannu, don ya san bakina in ya buɗu gaban mai kaki mu duka za mu kwana nan. Sai na ji murya daga bayana.

"Tawa ce. Innata ce."

Lawali ne. Mutumin ya dubi Lawali, baƙi kamar gindin tukunyata, ya dubi Dudu, fara siririya mai dogon hanci. Ya ce, "Sofer, wannan ce ta haife ka?"

"Ubana na biyo, ranka ya daɗe. Ƙanena ne ke kwance Katsina, sa ya soke shi. Kullum ina wuce nan, kun san ni. In ba ta dawo ba ku riƙe ni."

Mutumin ya yi dariya har ya dafa sanda, ya ce lallai uban nan ya yi ƙarfi. Ya ɗaga hannu. Da munka hau na ce, "Bakatsine, ashe kana da uwa?" Ya ce, "Rufe mini baki, Bagobira." Idonshi ya yi ja. Na rufe, karo na fari a rayuwata.

Muna wuce Jibiya kamyo ya bar hannunshi ya koma ɗaya gefen hanya. Mata sunka sa salati, mun ɗauka barci ya kwashe shi. Ashe haka Ingilishi ke tafiya, ta hagu, kamar masu cin tuwo da baibai. Nasara biyu, ƙasa ɗaya ta Hausa, sun kasa shirya ko ta ina za a bi hanya. Can gardi sunanshi ɗan doka, sofer direba ne, burodinsu kuwa laushi da zaƙi kamar matashin kai. Wannan Baba ya ci biyu.

A Katsina Lawali bai tsaya tasha ba, sai da ya kai ta bakin asibiti, fasinja na gunaguni. Ya sauke ta da kanshi. Ta ɗauki ƙwaryarta za ta wuce, nonon da ya rage ya tsinke ya zama ruwa. Ya tsaya gabanta yana sosa ƙeya kamar yaron da ya fasa tulu.

"Inna, ba ki yi ma kamyo albarka ba."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta buɗe ƙwarya ta yayyafa bisa hancin motar, ta yayyafa mishi sauran a ka. Wannan karon bai goge ba. Ta shige da sauri, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na Kano ba shi da yawa. Mun yi wata guda a zauren wani mai goro. Matan gidan ba su fita ko ƙofa, suna mamakin wai ni ke zuwa kasuwa da kaina, ni ina mamakin yadda ba su haukace ba. In na ce "munka zo" sai su kwashe da dariya su ce in sake faɗi. Ruwa na fitowa daga ƙarfe a bakin titi, amma sai ka yi faɗa kafin ka ɗiba, to ina bambancinshi da rijiyarmu? Ido ɗaya na Baba ya buɗe, ɗayan Allah bai yi ba. Abin da ya fara cewa da anka kwance ƙyalle shi ne, "Tsahara, ashe kin tsufa." Na ce shi ma bai ga kanshi ba tukuna.

Mun dawo gida ban san abin da Dudu ta iske bayan ƙofar nan ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Lawali kuwa duk zuwanshi Dakoro da ɗari, in ya tashi inji da safe sai ya bar shi yana ruri har hantsi, unguwa duk ta kasa barci tana zagina, wai ni na koya mishi.

Bayan damina, ranar kasuwa, ina tuya, sai inuwa ta rufe mini kasko. Na ɗaga kai. Dudu ce, bayanta wani dogon saurayi yana ɗingishi da sanda. Ta aje faifai da ɗan boto biyu, ƙananan goruna, na man shanu. Ta ce ɗaya nawa ne, ladan tukunya. Ɗayan in aje ma ɗanta.

Na nuna saurayin na ce, "Ba ga ɗanki nan ba?"

Ta ce, "Wannan Juli ne. Na ce ɗana mai mota, baƙin nan."

Da maraice na ɗora nawa kan wuta. Na tsaya kanshi ban matsa ba, sai da ya gama kukanshi ya yi shiru.